Hular da ta Ƙara wa Birki Kuɗi

“...lafiya ƙalau. Ya gwiwar, Ango? Har yanzu tana ƙara kamar ƙyauren banɗaki?”

“Gwiwata ta fi motarki lafiya, Amarya. Tun kina kan kwana na jiyo kukanta. Na ɗauka akuya aka take.”

Tsohon makanike yana zaune inda ya saba zama tun da 'ya'yansa suka raba shi da gareji, a kan kujerar roba a ƙofar gida, kusa da tukunyar fulawar da ba ta taɓa yin fure ba. Sun ce ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi, ya huta haka nan. Aka damƙa garejin a hannun Dogo, wanda ya koyi aiki a wurinsa har gemunsa ya fara furfura. Shi kuwa tsoho hutun nan ya zame masa ciwon haƙori. Mutumin da a da ake bin layi a gabansa da makullin mota a hannu, yanzu ba mai tambayarsa komai sai ko ya sha magani. Wannan jikar tasa, 'yar babban ɗansa, mai aiki a kantin magani, ita kaɗai ce ba ta yi masa magana a hankali kamar majinyaci. Shi ya sa yake son jin ƙarar motarta, ko da ƙarar ta ciwo ce.

“Birki ne,” in ji ta, ta zauna a kan dakali. “Na kai wa yaronka Dogo. Wai takalman gaba sun cinye, ƙarfe ya fara cin faifai. Arba'in ya ce, ban da kuɗin aiki.”

“Da wannan jakar kika je?”

“Da ita na je.”

“Da wannan tabarau mai kama da idon mujiya?”

“Me ya haɗa tabarau da birki?”

“Ido ba mudu ba, ya san kima. Tun kafin ki buɗe baki an gama yi miki kuɗi. Da kin je da silifas ɗaya baƙi ɗaya shuɗi, kina tari, da an sauko miki.”

“Wato ku dai makanikai ɓarayi ne masu sufana.”

“Kul. Ɗori sunansa, ba sata ba. Makanike zai bar aikinsa ya tafi kasuwa, ya zaɓo, ya ɗauro. In kayan suka fito jabu, shi zai sake kwancewa ya ɗaura wasu kyauta, ya sha zagi a kai. Ga hayar fili, ga janareto. Kina so ya yi duk wannan don kyan fuskarki? Fuskar ma ba wani kyau ba, ni dai na rufa miki asiri na aura.”

“Ka ji mai kare ɗan'uwansa. Ai kai ka koya masa.”

“Laifi tudu ne, Amarya. Ƙwayar ciwon kan da kuke sayar mini, nawa kuke saro ta?”

“Wannan sirrin sana'a ne.”

“To, mu ma namu sirrin ke nan.”

Ta yi dariya, shi kuma ya ji bakinsa ya buɗe, kuma tsohon makanike in bakinsa ya buɗe ba shi da birki. Ya ce da a ce shi ne ya shiga layin masu kayan mota, da masu kantuna sun miƙe tsaye. Ya ce akwai mai kantin da ya fara sana'a da tire a ka, shi ya riƙa kai masa ciniki har ya gina bene. Ya ce arba'in ɗin Dogo wasan yara ne, shi zai samo mata na kamfani, a kwalinsu, da kuɗin da za ta riƙa ba da labari.

“Tashi mu je,” in ji ta.

Ya dube ta. Bai zaci za a ce masa haka ba.

“Ko da yake Baba ya ce kada a riƙa fita da kai. Wai kana mantuwa.”

“Babanki ni na haife shi. Na san ranar da ya manta wandonsa a makaranta.”

“To ga sharaɗi. In ka karya farashin Dogo, kai ne makanikena. Mota ta yi tari, in zo in ɗauke ka. In ka kasa, in dawo da kai kan kujerarka, in saya maka bargo, in ce wa Baba gaskiyarsa ce.”

Da wasa ta faɗa, amma shi ba da wasa ya ji ba. Tsoron bargon nan ya kama shi sosai, domin ya san in har ita ma ta koma cikin masu cewa ya huta, shi ke nan, ba sauran mai fita da shi. Ya miƙe, gwiwa ta yi ƙararta, ya yi kamar bai ji ba. Ya shiga ɗaki ya canza riga, ya ɗauko tsohuwar hularsa wadda bakinta ya yi baƙi da man inji, wadda aka sha wankewa ta ƙi.

A hanya tafiyar hawainiya suka yi, kowace tsayawa sai motar ta yi ihu, masu babur na waiwaye.

“Wa ya ba ki lasin? In san wanda zan kai ƙara.”

“Wanda ya ba ka haƙoran gaba. Ka ga shi ma bai cika aiki ba.”

“Ki daina taka birki kamar kina kashe kyankyaso. Saurara in ba ki ilimi kyauta, tunda sadakinki ban gama biya ba. Kin ga hular nan?”

“Ina ganinta, ina kuma jin warinta.”

“Ita ce ofishina. In mai mota ya ce bai yarda da ni ba, sai ya bi ni kasuwa ya gani da idonsa, ba na musu. Mu je. Muna shiga kanti, in na tambayi kuɗi na tura hula ƙeya, mai kanti ya gane. Ya ɗora rabona a kai. Sai ni kuma in tayar da hankali, in ce wannan zalunci ne, in yi kamar zan fita, a riƙo rigata. A rage kaɗan. Mai mota ya biya yana sa mini albarka. Wajen sallama mai kanti ya ba ni hannu, la'adata tana ciki.”

“Inna lillahi. Kuma ka yi furfura a haka.”

“In kuwa na jawo ta goshi, ma'ana na gida ne, a faɗi gaskiya.”

“Sau nawa ta taɓa zuwa goshi?”

Ya yi ɗan tunani. “Rana tana yawan dukan ƙeyata.”

“To cire ta ka bar ta a mota.”

“In shiga kasuwa kai ba hula, kamar wanda aka koro daga gidan aski? Ga ta nan.” Ya jawo hular har ta taɓa girarsa. “Nan za ta zauna har mu dawo. Da tsohuwar zuma ake magani, yau za ki gani.”

Kantin da ya kai ta a layin masu kayan mota siriri ne mai tsawo, kwalaye tun daga ƙasa har rufi, bel-bel na injin suna rataye a ƙusa, ga warin roba da man birki. Babu wuta, fanka ta tsaya. Mai kanti, wani ƙato mai tabarau ɗaure da zare, yana ganinsu ya miƙe tsaye da gaske. Tsoho ya saci kallon jikarsa don ya tabbatar ta gani.

“Maigida da kansa. An ce ka yi ritaya.”

“Ritaya ta ma'aikatan gwamnati ce. Ga amaryata, 'yar babban ɗana. Ta cinye takalman birki kamar ɓera.”

Mai kanti ya dubi hular a goshi, ya gyaɗa kai. Ya jawo tsani ya sauko da kwali uku ya jera a kan tebur: na kamfani, mai bi masa, da wanda ya kira “na lallaɓawa”. Tsoho ya ture na ƙarshen da bayan hannu ko buɗewa bai yi ba. Ya zaro na kamfani, ya auna nauyinsa a tafi, ya ƙwanƙwasa bayansa da farce, ya kai hanci ya shinshina. Daɗi ya cika shi. Ya ji kamar bai taɓa barin aiki ba, kamar in ya waiwaya zai ga mota a kan jak tana jiransa. Ya ɗaga takalmin sama wajen hasken ƙofa don ya duba hatimi, gumi na gangaro masa cikin ido.

“Nawa?” in ji shi.

Hali zanen dutse. Bakin yana faɗin kalmar, hannun hagu ya tashi da kansa, kamar yadda ya saba tashi tun jikar nan ba a haifi ubanta ba, ya tura hular can ƙeya. Mai hannun bai ma san an yi ba, hankalinsa yana kan hatimi.

Mai kanti ya riga ya buɗe baki da “tala...”, sai ya haɗiye, ya yi tari, ya gyara tabarau.

“Hamsin.”

Takalmin ya kusa faɗuwa daga hannun tsoho. “Nawa ka ce?”

“Hamsin, Maigida. Kaya sun hau. Ka san kuɗin jirgi, ga kwastan.”

“Ni za ka karanta wa kuɗin jirgi? Ni da na san ka da tire a ka? Wannan zalunci ne.”

Mai kanti ya ji tsohuwar waƙa, baiti bai canza ba, sai ya kama amshi. Ya dafa ƙirji, ya rantse ko sisi ba ya ci a kai, ya ce saboda Maigida ne ma. Tsoho ya ƙara hawa. Ya ce duniya ta lalace, ya ce sabo da kaza ba ya hana yanka, ya buga teburin har kwalin na lallaɓawa ya faɗi. Fushinsa na gaske ne, idonsa har ya kawo ruwa, domin bargo yake hangowa. Shi kuwa mai kanti kallonsa yake da sha'awa, yana cewa a ransa tsohon nan ya ma fi da iyawa. Da tsoho ya juya zai fita, mai kanti ya zagayo da sauri ya riƙo rigarsa, daidai inda aka saba riƙewa.

“Arba'in da biyar. Ƙarshe ke nan, ko mahaifina ne.”

Jikar tana jingine da ƙofa, ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Tsoho ya ɗauka kukan kuɗinta take yi.

“Mu tafi wani kantin, Amarya.”

“A'a, Ango, gwiwarka. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A naɗe mana.”

Ta biya, ta ɗauki kwalin ta yi gaba. Mai kanti ya kamo hannun tsoho da hannu biyu, ya matse, ya sunkuyo wajen kunnensa.

“Har jika, Maigida? Lallai kana nan da ƙarfinka. Ka riƙa leƙo mu.”

Tsoho ya ji takarda a naɗe cikin tafinsa. Ya tsaya a bakin kanti, a hankali ya kai ɗaya hannun kansa. Goshi fayau, hula tana can baya tana shan iska. Da ƙasa za ta tsage da ya shige, da hular da duka.

Daga kanti zuwa mota ba nisa, amma ya yi shari'a da kansa a hanya. In ya yi shiru ya sa a aljihu, ya faɗi sharaɗi, kuma ya ci kuɗin jikarsa. In ya faɗa, ya tabbatar da maganar ɗansa da bakinsa, cewa ya kai inda hannunsa ke aiki bai sani ba. Kowanne ya ɗauka, kujerar roba ce a ƙarshensa. Ya shiga mota ya zauna, hannu a dunƙule a kan cinya.

“Wane launi kake so?” in ji ta, tana tayar da mota.

“Na me?”

“Na bargo. Akwai mai zanen damisa, zai dace da jarumin da aka miƙe wa tsaye.”

“Kaya sun hau. Ba ki ji kuɗin jirgi ba?”

“Na ji. Na kuma ga jirgin da idona, ya tashi daga goshi ya sauka a ƙeya.”

Ya juyo ya dube ta. “Kin gani?”

“Tun tashinsa.”

“Kika bar ni ina ta haƙilo kamar mahaukaci?”

“Ina zan katse wasa mai kyau haka? Wanzami ba ya son jarfa, ashe. Yau an yi maka da askarka, kai ka riƙe hannun ma. Buɗe tafin.”

Ya buɗe. Goma ce, a naɗe kamar laya. Ya ajiye mata a kan kwalin, ya kawar da kai wajen taga.

“Ba ni ba ne, hannun ne. Ni na yi ritaya, shi ba a sanar da shi ba.”

“Ɓarawon da ya yi wa matarsa sane, ya kuma yi ihu a kama ɓarawo.”

“Ki faɗa wa babanki. Ki ce tsohon ya tafi kare ki daga ɗori, ya ɗora miki da kansa. Ya kira taron dangi a yi dariya gaba ɗaya, kada a wahalar da ni ɗaya bayan ɗaya.”

Ta dubi goman, ta dubi kwalin. “Tsaya. In aka cire wannan, talatin da biyar na biya. Ka karya Dogo da biyar.”

Nan ne ya kamata ya kama, ya yi kirari, ya ce dama dabara ce. Har ya buɗe baki. Sai ya ga ya gaji da wasan hula na yau.

“Ban karya kowa ba. Biyar ɗin nan ita ce ɗorin Dogo, haƙƙin zuwansa kasuwa. Yanzu in kika kai masa kayanki a hannu, zai karɓa da fara'a, ya mayar da biyar ɗin kan kuɗin aiki. In birkin ya yi ƙara gobe kuma, ya ce ba shi ya saya ba. Haka na koya masa, kuma yaron yana da ƙwaƙwalwa. Ga man da kika ƙona.”

“Wato tun muna gida ka san wannan.”

“Na sani.”

“To me ya fito da kai?”

Ya mayar da ido kan titi. Wani mai gyaran taya yana ta dukan ƙarfe a gefen hanya, ya bi shi da ido har suka wuce.

“Fitar,” in ji shi. “An ce tashi mu je. Na daɗe ban ji an ce mini haka ba.”

Motar ta yi ihunta a wata tsayawa. Da mai ba da hannu ya sake su, jikar ta taka mai.

“Ni ma Dogo ya faɗa mini,” in ji ta. “Ya ce in na kawo kayana, kuɗin aiki zai hau. Na ce ya hau ɗin. Ya ce in gaishe ka, in kuma lura da hular.”

“Ja'iri. Ku biyu kuka haɗa mini kai.”

“Kai ne makaniken da ya fi kowa tsada a garin nan. A ɗauko ka a mota, a ƙona mai, ka ƙara wa kaya kuɗi, sannan a mayar da kai gida. Ban san abin da na gani a jikinka ba.”

“Kyau. Duk dangin babanki ni na fi su hanci.”

“Ka shirya ranar Asabar. Fitilar baya za mu nema.”

“Fitilarki lafiyarta ƙalau. Na duba tun a gida.”

“Yadda nake ribas ɗin nan? Kafin Asabar ta fashe.”

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ta daɗe ba ta zo ba, har da tari, har da share ido da bakin riga. Ya ɗaga hannu biyu sama.

“Na sallama, Amarya. Kin ci. Bargon ma ki kawo, a shimfiɗa mini a kujerar nan ta gaba, tana cin baya.”

Ta ɗauki goman daga kan kwali, ta miƙa hannu ta cusa ta a cikin naɗin hularsa.

“La'adarka ce. Hannun ya yi aiki, a biya shi.”

“In saya miki me da ita?”

“Ka ajiye. Kuɗin fitila ne, ka ga ranar Asabar in hular ta sake tafiya, kanka ka yi wa.”

Tsoho ya gyara zama, ya sa gwiwar hannu a taga kamar mai motar. Da suka shigo layinsu ya hango kujerar roba a ƙofar gida, ba kowa a kai. Ya kai hannu ya tura hular ƙeya, wannan karon yana sane.

“Wuce, kada ki tsaya,” in ji shi. “Mu je garejin. Ina so in ga yadda yaron nan zai kalli idona ya faɗi kuɗin aiki.”